Kurakuran da aka fi yi wajen faɗaɗa tsohon gida a Maraɗi

Idan iyali suka ƙaru, yara maza suka kai lokacin da ya kamata a raba musu makwanci da ƴan'uwansu mata, ko babban ɗa ya tashi aure, abin da ke fara zuwa ran maigida shi ne ya kira magini a ƙara ɗaki. Sai dai gidaje da yawa a tsofaffin unguwannin Maraɗi, irin su Bagalam da Mokoyo, ginin ƙasa ne mai rufin azara, kuma irin wannan gini yana da abin da yake iya ɗauka da abin da ba ya iyawa.

Kuskure mafi girma shi ne a fara aiki ba a duba hanyar ruwa ba. Garin da ambaliyar Gulbi ta 1945 ta sa aka tashe shi daga kwari zuwa tudu bai kamata a raina ruwa a cikinsa ba. A tsofaffin gidaje, titi yakan yi ta hawa saboda ciko da rairayi har ya fi tsakar gida tudu, sannan a zo a kafa sabon ɗaki daidai kan rariyar da ruwa ya saba bi. Da damina ta sauka, ruwan ya rasa mafita, sai ya kwanta a gindin tsohon bango ya jiƙa shi har ya zauna. Gyaran shi ne maigida ya lura da inda ruwa yake taruwa da inda yake fita lokacin ruwan Agusta, a fitar da sabuwar rariya kafin a haƙa tushe, a ɗaga daɓen sabon ɗaki sama da titi, kuma a tabbatar indararonsa ba ya zuba a jikin tsohon gini ko katangar maƙwabci.

Na biyu shi ne jingina sabon ginin bulo a jikin bangon ƙasa don a rage kuɗin bango ɗaya. Ginin siminti da na ƙasa ba sa zama tare: sabon yana da nauyi kuma yana ci gaba da nutsewa kaɗan-kaɗan, tsohon kuwa ya daɗe da samun mazauninsa, shi ya sa tsaga take fitowa a mahaɗarsu tun daga sama har ƙasa. Ya kamata sabon ɗaki ya tsaya da tushensa da ginshiƙansa da ɗaurin ƙarfensa, a bar ɗan tazara tsakaninsu, a rufe samanta yadda ruwa ba zai shiga ba. Haka kuma yaɓen siminti kai tsaye a kan bangon ƙasa yana ɓoye ɓarna ne kawai, domin laima tana taruwa a bayansa, gara ta samu wurin zama, wata rana ya ɓanɓaro gaba ɗaya. Idan dole ne a yi shi, a fara kankare bangon, a kafa ragar waya da ƙusoshi, musamman a ɓangaren gabas inda hadari ya fi dukan gini.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne ɗora bene a kan tushen da aka yi don hawa ɗaya. Wannan ba shawarar magini kaɗai ba ce. Sai injiniya ya tona gefen tushen ya ga zurfinsa da ƙarfen da ke ciki. Bulo kuma a riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana 7 bayan bugawa, kankare kuwa sai ya kwana 28 yake kai cikakken ƙarfinsa, don haka gaggawar cire katakon da ke tallafe da shi ganganci ne.

Akwai kuma cinye tsakar gida da ɗakuna. A garin da zafin Afrilu da Mayu yake haura digiri 40, tsakar gida ita ce wurin girki, wanki, shan iska da kwanan dare, kuma mata ne suka fi sanin amfaninta, saboda haka a nemi shawarar uwargida tun kafin a ja igiya. Ɗakin da aka rufa da kwano a ɗaga bangonsa, a sa masa silin, a buɗe tagogi biyu masu fuskantar juna.

Mutane sukan ƙara ɗakuna su manta da makewayi da tsofaffin wayoyin lantarki, alhali masu amfani da su sun ninka. Sabon ramin salga a nisanta shi da tushen gini, kuma idan akwai rijiya a gidan, kada tazarar ta gaza mita 15. Idan gidan na gado ne, a raba shi ko a rubuta yarjejeniya a gaban shaidu kafin a sayi buhun siminti ko ɗaya, sannan a nemi izinin gini a ma'aikatar magajin gari da takardar filin a hannu.