Yadda ake kare kundin bincike gaban malamai

A ƙarshen kowace shekarar karatu, ɗalibai a jami'o'i irin su Bayero ta Kano da Ahmadu Bello ta Zariya sukan tsaya gaban kwamitin malamai, har da mai jarrabawa da aka gayyato daga wata jami'a, domin kare kundin bincikensu. 'Yan mintuna ake ba ɗalibi ya bayyana aikin da ya ci masa watanni, kuma abin da ke kayar da mafi yawansu shi ne ƙoƙarin cusa kundin ɗungurungum cikin wannan ɗan lokaci.

Ka buɗe da tambayar da ka bincika da amsar da ka samo. Malaman sun riga sun karanta babin bitar ayyukan magabata, saboda haka kada ka ƙarar da rabin lokacinka a kansa. Idan ka binciki asarar da manoman tumatir na Kadawa a jihar Kano ke yi lokacin da kaya ya cika kasuwa, faɗi hakan a jimlarka ta farko, ka haska hoton kwandunan da suka ruɓe a bakin titi, sannan ka kawo alƙalumanka, domin wanda ya ga ɓarnar da idonsa ya fi kasa kunne ga lissafinta.

Game da shafukan PowerPoint, wato waɗanda ake haskawa a allo daga kwamfuta, akwai ƙa'idar da Guy Kawasaki, wani ɗan kasuwar Amurka, ya tsara wa masu neman jari: shafi 10, minti 20, girman rubutu kuma kada ya gaza lamba 30 a ma'aunin girman haruffa na kwamfuta. A ganina ta ukun ce ta fi amfanar ɗalibi, domin babban rubutu yana hana shi jibge sakin layi a allo, ya juya wa malamai ƙeya yana karanta musu abin da su ma suna gani. Kowane shafi ya ɗauki magana ɗaya tak, sauran bayani kuwa ya fito daga bakinka, idonka na kan mutane, muryarka na kaiwa kujerar ƙarshe.

Ka gwada jawabin da babbar murya gaban abokin karatu, da agogo a gefe, har sai ka riƙa gamawa kafin lokaci ya cika. Ka kuma buga shafukan a takarda, don idan aka ɗauke wuta ko majigi ya ƙi tashi, ka raba wa malamai ka ci gaba.

Idan aka zo tambayoyi, ka bar Farfesa ya kai aya kafin ka buɗe baki, kuma ka rubuta duk gyaran da aka ba ka nan take. Abin da bincikenka bai taɓo ba, ka faɗa a fili cewa bai taɓo ba, sannan ka nuna shafin da ka ambaci iyakokin aikin.