Yadda Za Ka Gano Maganin Ƙwari A Tsofaffin Tufafin Gidan Tarihi

Tun ƙarni na 19 gidajen tarihi suka riƙa barbaɗa sinadarai masu guba, asinik da makuri, a jikin tufafi saboda asu, daga baya aka koma maganin ƙwari na DDT, kuma gubar na nan har yau. To kafin ka taɓa komai sa safar hannu ta roba da takunkumi.

Fara da tsofaffin rajistan gidan, wani lokacin an rubuta abin da aka zuba. Sai ka duba cikin ninki da aljihu ko akwai farin gari, amma don Allah kar ka shinshina.

Daga nan sai na'urar XRF ta hannu, mai gano sinadarai ta hanyar hasken X-ray, kusantar da ita kawai za ka yi ba yanka ba gogewa, ta nuna maka asinik ko makuri ko dalma. Ka auna wurare da dama don maganin bai bazu daidai ba, kuma ka kula dalma na iya rikita sakamakon asinik.

DDT kam wannan na'urar ba ta tantance shi. Sai dai ka ɗebi ƙurar akwatin da aka ajiye rigar, ko ka rufe ta a leda ka sa ɗan zaren SPME, wani zare mai kama sinadaran da ke cikin iska, ya zuƙi iskar ciki, a kai ɗakin gwaji a yi GC-MS, wato gwajin da ke rarrabe sinadarai ya gano kowanne.