Kafin ka sa zarto a bishiyar gidanka a Ingila

Wanda ya sayi gida a Ingila yakan ɗauka duk abin da ke farfajiyar nasa ne, ya yi yadda ya ga dama. A kan bishiya ba haka abin yake ba. Dokar tsara birane ta 1990 ta ba ƙaramar hukuma ikon ɗora wa bishiya umarnin kariya, wanda ake kira TPO a taƙaice, ko da tana tsakar gidanka. Da zarar an ɗora shi, ba damar sare ta, ko datse kanta, ko rage rassanta, ko tumɓuke ta, sai da izini a rubuce. Yanke saiwa ma yana ciki, kuma a nan ake afkawa ba tare da niyya ba: a haƙa harsashin ƙarin ɗaki, ko a zuba siminti don wurin ajiye mota, saiwoyi su lalace, bishiya ta riƙa bushewa a hankali.

Ba a rataya wa bishiyar wata alama. Sai ka tambayi sashen tsara gine-gine na ƙaramar hukumarku, ko ka duba taswirar da yawancinsu ke sawa a intanet. Cewa ba ka sani ba, ba ya fid da kai a kotu.

Neman izinin kyauta ne. A fom ɗin za ka zana inda bishiyar take, ka faɗi irinta, ka bayyana aikin dalla-dalla, misali mita nawa za a rage daga wane ɓangare, da dalili. "Zan ɗan rage ta" ba bayani ba ne, za a dawo maka da takardar. Idan ka ce tana da cuta ko tana tsaga gini, sai ka haɗa da hujjar ƙwararre. Hukuma tana da mako 8 ta yanke shawara, izinin yakan yi shekara 2, in kuma an hana ka, kana da kwana 28 ka ɗaukaka ƙara.

Akwai unguwannin da aka keɓe saboda tarihinsu ko fasalin gine-ginensu. A can, ko babu TPO, duk bishiyar da faɗin gangar jikinta ya wuce milimita 75 a tsayin mita 1.5 daga ƙasa sai ka ba da sanarwar mako 6 kafin ka taɓa ta. Ka zagaya ta da igiya daidai ƙirji: in ta kai kusan santimita 24, doka ta hau kanta. Mutum zai raina irin wannan bishiyar, amma ta isa ta kai shi kotu.

Bishiyar da ta mutu, sanarwar kwanakin aiki 5 take buƙata. Wadda ke shirin faɗo wa mutane kuwa, a yi iya aikin da zai kau da haɗarin, a ɗauki hotuna tukuna, a sanar da hukuma nan take.

Hukuncin ba wasa ba ne. Hallaka bishiya mai kariya tararsa ba ta da iyaka, ƙananan laifuka kuma har fam 2,500, sannan dole a dasa wata a gurbinta, kariyar ta koma kan sabuwar. Ana iya gurfanar da mai gida da wanda ya yi saran tare, don haka kada ka saurari mai ƙwanƙwasa ƙofa da zarto yana cewa ba sai an nemi izini ba. Nemi mai inshora da takardar ƙwarewa.

Ko da izini a hannu, dokar namun daji ta 1981 ta hana lalata sheƙar tsuntsu da ake amfani da ita, shi ya sa ake kauce wa aikin daga Maris zuwa Agusta. Maɓoyar jemagu ma tana da kariya mai tsanani.

In kai ɗan haya ne, ka fara tuntuɓar mai gida. Reshen maƙwabci da ya leƙo gidanka kana iya yanke shi daidai kan iyaka, amma nasa ne, ka yi masa tayinsa. In bishiyar tana da TPO, kai ma sai da izini. Sikotiland da Wales da Arewacin Ailan kowacce da nata ƙa'idojin, ka tambayi hukumar inda kake.