Idan Maigida Ya Dawo Daga Fagen Daga Da Firgici: Abin Da Iyali Za Su Yi

Tun 2009 da rikicin Boko Haram ya ɓarke a Maiduguri, sojoji da 'yan sanda, daga baya kuma har da matasan Kato da Gora, ke kai-komo tsakanin gida da daji, daga Sambisa har tsibiran Tafkin Chadi. Kafin su akwai waɗanda suka je Laberiya da Saliyo ƙarƙashin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, a shekarun 1990. Da yawa sun dawo ƙalau. Wasu kuma sun dawo da ciwon firgici, wanda likitoci ke kira PTSD, kuma matar gida ce ke fara ganinsa tun kafin kowa ya lura.

Makonnin farko bayan dawowa, rashin barci da zabura ba abin tsoro ba ne, yawanci suna lafawa. Idan aka haura wata ɗaya ga mugun mafarki, ga saurin fushi, ga gudun taro, ga zama jugum kamar ba ya cikin gidan, to ciwo ne. Wani ma sai bayan wata shida ko ranar da ya ajiye kaki abin ke bayyana. Dalilinsa shi ne ƙwaƙwalwar da ta saba gadi dare da rana ta kasa sauka daga gadin. Shi ya sa yake zama yana fuskantar ƙofa, yake duba sakata sau uku, yake tsawa idan yaro ya yar da kwano. Sanyin da yake nuna miki a shimfiɗa ma daga nan yake, don mai danne tsoro yakan danne sha'awa da tausayi tare. Mata da yawa kan ɗauka wata yake nema a waje, daga nan zargi ya shigo, aure ya fara tangal-tangal.

Dare ne ya fi haɗari, don haka a fara da shi. Idan yana mafarki yana kokawa, kada ki girgiza shi, kada ki sunkuya a kansa. Hannunsa zai riga hankalinsa farkawa, kuma ta haka ake shaƙe mata ba da niyya ba. Ki sauka daga gadon, ki kunna fitila, ki tsaya wajen ƙafafunsa inda hannu ba zai kai ba, ki kira shi da sunan da kika saba, da murya ƙasa-ƙasa. Idan ya buɗe ido ki gaya masa inda yake: "Baban Abba, gida kake, nan ɗakinka ne, yara na barci." Ki bar shi ya sha ruwa, ya yi alwala in yana so. Kada ki tambaye shi me ya gani. Jariri kuwa kada ya kwana gado ɗaya da shi, kuma in mafarkin ya yawaita, raba shimfiɗa na ɗan lokaci ba ƙaura ba ce. Gidan da ke da mata fiye da ɗaya, kowace ta san wannan tsari, kada kishi ya sa a ɓoye wa abokiyar zama.

Da rana ki riƙe ɗan littafi na mako biyu, ki rubuta abin da ya faru daf da kowane tashin hankali. Za ki ga abubuwa kaɗan ne ke maimaituwa: fashewar taya, bindigogin hawan sallah, ƙaurin babbaka, rugugin babura, bidiyon gawarwaki a WhatsApp. Wanda za a iya sanar da shi tun da wuri, a sanar da shi. Idan abin ya taso masa, ya ja numfashi yana ƙirga 4, ya sake shi a hankali yana ƙirga 6, na kamar minti biyar, sannan ya ambaci abubuwa biyar da idonsa ke gani a ɗakin. Wannan littafin ne kuma za ki kai wa likita.

Maganar faɗa a yi ta ranar da ake zaman lafiya. Ku yarda da wata kalma guda wadda duk wanda ya faɗe ta an tsaya, ya fita na minti 20 zuwa 30, sannan a dawo a ƙarasa magana. Kada ki tare masa ƙofa, kada ki bi shi da magana. Saki da yawa a irin wannan minti ake furta shi, a wayi gari ana neman malamin da zai gyara. Amma a ji wannan da kyau: ciwo ba ya halatta duka. Idan ya kai hannu, ko ya zaro wuƙa, ko ya ce zai kashe ki, ki kwashe yara ki fita a ranar, ki sanar da waliyyinki, a bariki kuma magajiya, shugabar matan bariki, da RSM, babban samanja mai kula da ladabtar da sojoji. "Ki yi haƙuri" ba magani ba ne a nan. Bindiga, adda da tarin ƙwayoyi kada su kwana a ɗaki. In ya fara cewa gara ya mutu, ko yana rabar da kayansa, ko yana sallama da mutane, a tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta cusa tunanin. Kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.

Yara sukan ɗauka laifinsu ne. A gaya musu a taƙaice: Baba ya ga abubuwa masu wuya a wurin aiki, yana jinya, ba ku kuka jawo ba. Kada su yi masa wasan ɓuya ko su faɗo masa ta baya. Fitsarin kwance bayan an daina, ko faɗuwa a makaranta, alama ce abin ya taɓa yaron.

Magani yana nan. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Maiduguri, Barnawa ta Kaduna da Kware ta Sakkwato, a Kano akwai na Dawanau da sashen ƙwaƙwalwa da ke asibitin Malam Aminu Kano, soja mai aiki kuma ya fara da likitan barikinsa ko asibitin sojoji na 44 da ke Kaduna. Abin da ya fi aiki shi ne zaman tattaunawa da ƙwararre a kan abin da ya faru, yawanci zama 8 zuwa 12. Likita na iya haɗawa da ƙwaya irin su sertraline, wadda sai ta yi mako 4 zuwa 6 kafin a ga amfaninta. Nan ake yawan yin kuskure: a sha kwana goma a ce ba ta aiki, ko a daina don ta rage ƙarfin namiji. A koma wa likita ya canza, kada a yanke ta lokaci guda. Diazepam na kemis, tramadol, wiwi da giya suna kawo barci yau, su ƙara ciwon gobe. Addu'a da ruƙiyya a ci gaba da su tare da asibiti. Wanda bam ya taɓa tashi kusa da shi, yana fama da ciwon kai, mantuwa ko ƙarar kunne, a faɗa wa likita, don buguwar ƙwaƙwalwa tana kama da firgici amma kulawarta daban.

Yawancin maza ba sa yarda su je, saboda tsoron a ce sun haukace ko a hana su ƙarin girma. Kada ki ce masa "ba ka da hankali". Ki shigo ta ƙofar barci: "Wata uku ba ka runtsa ba, mu je a duba." In ya ƙi, a nemo wanda yake jin nauyi, yayansa, limami ko fasto, ko abokin da suka yi daji tare, shi ya raka shi zuwan farko.