Yadda ake haɗa na'urori biyu ta Bluetooth ba tare da wani ya shiga tsakani ba

Tsaron da ke tsakanin waya da agogon hannu, ko kwamfuta da allon rubutu (kibod) marar waya, a 'yan daƙiƙun haɗin farko ake ƙulla shi. A lokacin ne na'urorin suke samar da makullin sirri, wato doguwar lamba mai bit 128 (kowane bit 0 ne ko 1), su adana shi don haɗuwar gaba.

Tun daga Bluetooth 2.1 na 2007, makullin ba ya bi ta iska. Kowace na'ura tana ɓoye lambarta ta sirri, ta aika wa 'yar'uwarta lambar fili, sai kowacce ta lissafo makulli iri ɗaya ta hanyar wani tsarin lissafi da ake kira Diffie-Hellman. Nau'in Bluetooth da ke tattalin batir sai a sigar 4.2 ta 2014 ya samu wannan. Mai saurare kawai ba ya tsinana komai. Wanda ake tsoro shi ne mai shiga tsakani, wanda zai zo wa wayar a matsayin agogo, ya zo wa agogon a matsayin waya.

Fara da sabunta manhajar na'urorin biyu. A 2019 an bayyana harin KNOB, wanda ke tilasta wa na'urori rage ƙarfin makulli zuwa bayit 1, wato bit 8 kacal, kuma sabuntawa ce maganinsa. Sannan ka haɗa su inda babu cunkoso, domin siginar yawancin ƙananan na'urori tana kai kusan mita 10.

Idan dukansu suna da fuska, wato sikirin, kowacce za ta nuna lambobi shida. Nan ne aikinka yake. Karanta shidan ɗaya bayan ɗaya kafin ka amince, kada ka tsaya a biyun farko. In da wani a tsakani, damar lambobin su dace ɗaya ce cikin miliyan. Da sun saɓa, ka soke, ka canza wuri.

Allon rubutu kuwa, kwamfuta ce ke nuna lambar, kai ka buga. Dole ta zama sabuwa kowane karo, saboda bit-bit ake tantance ta a zagaye 20, don haka wanda ya naɗi haɗi ɗaya yana iya gano ta.

Abin sauraro na kunne ba shi da fuska ko maɓallan lamba, don haka haɗinsa ba ya kare ka daga mai shiga tsakani. In yana da NFC, wato fasahar haɗa na'urori ta hanyar taɓa juna, ka goga shi a jikin wayar. Tsohuwar na'ura mai neman 0000 ko 1234, kada ka aminta mata da bayanan sirri.

Na'urar da kuka daɗe da haɗawa ta nemi sabon haɗi haka kawai? Ka ƙi, ka goge ta daga jerin na'urorin da ka haɗa, ka sake haɗawa da kanka a keɓe. Wadda ta ɓata ko aka sayar, a goge ta ranar, domin makullin yana nan a cikinta.