Idan Remote Desktop ya ƙi shiga sabar ofis: inda za ka fara dubawa

Sabar tana ofis a Adum cikin Kumasi, kai kana gida a Aboabo, Alhaji mai kamfanin kuma yana Accra yana jiran lissafin kayan da suka shigo. Ka buɗe mstsc, manhajar Remote Desktop ta shiga kwamfuta daga nesa, ka rubuta adireshi, abu ya yi ta juyi, can ya ce ba zai iya haɗuwa da kwamfutar ba. A nan ne wasu ke kashe katangar tsaron Windows gaba ɗaya, wasu ma har su sake saka Windows ɗin. Duka biyun ɓarna ce. Kusan kullum matsalar tana ɗaya daga wurare uku: ko sabar ba ta saurare, ko hanyar zuwa gare ta a toshe take, ko kuwa ka iso bakin ƙofa an hana ka izini. Abin da allo ya nuna shi zai raba maka gardama. Idan ka rubuta suna da kalmar sirri aka ce ba daidai ba ne, ko ba ka da izini, to hanya lafiya take, kada ka taɓa rauta.

Gwaji na farko daga cikin ofis ake yin sa. A jona wata kwamfuta kan rautar da sabar take, a buɗe PowerShell a rubuta Test-NetConnection 192.168.1.10 -Port 3389, da adireshin sabar taka a madadin wannan. Lamba 3389 ita ce ƙofar da Remote Desktop ke saurare. In ka ga TcpTestSucceeded : True, cikin gida lafiya lau, matsalar a waje take. Kada ka dogara da ping, umarnin gwada ko kwamfuta na amsawa, shi kaɗai, domin sau da yawa Windows Server ba ya amsa shi ko da yana aiki ƙalau.

In amsar False ce, tambaya ta farko a Kumasi ita ce: an ɗauke wuta? Dumsor, wato yawan ɗauke wuta, na haifar da matsala iri uku a nan, kuma biyu daga ciki ba a ganinsu da ido. Ta farko a bayyane take: batirin UPS, na'urar da ke riƙe wuta in an ɗauke, ya ƙare, sabar ta mutu, wuta ta dawo amma ba wanda ya danna maɓalli. Maganinta yana cikin BIOS, saitin da ake shiga tun kafin Windows ya tashi, wurin da ake kira Restore on AC Power Loss ko AC Power Recovery, a mayar da shi On. Ta biyu, rauta ta sake tashi ta raba adireshi sabo, sabar da ke kan .10 jiya yau tana kan .23. Rubuta ipconfig a kan sabar ka gani, sannan ka ba ta adireshi na dindindin, ko ka keɓe mata shi a cikin rauta.

Ta uku ce ke cin lokacin mutane. Wani lokaci sabar kan riga rauta ko swic farkawa, ko kuma an canja rauta da sabuwa, sai Windows ya ɗauki layin ofis a matsayin baƙon layi, ya sa masa suna Public. Idan dokar da ta buɗe ƙofa 3389 ta shafi Private ko Domain ne kawai, shi ke nan ƙofa ta rufe, alhali ba wanda ya taɓa komai. Fitilun sabar kore shar, ma'aikata suna ganin intanet, amma daga nesa shiru. Rubuta Get-NetConnectionProfile. In ka ga Public, gyara da Set-NetConnectionProfile -InterfaceAlias "Ethernet" -NetworkCategory Private. A sabar da ke cikin domen, wato tsarin da babbar saba ɗaya ke riƙe asusun kowa a ofis, sake tayar da ita bayan rauta da babbar sabar domen sun gama tashi yakan mayar da ita daidai. Ya fi kyau rauta da swic su ma su zauna kan UPS.

Daga nan sai a tabbatar sabar tana saurare. A Server Manager, ƙarƙashin Local Server, Remote Desktop ya nuna Enabled. Umarnin qwinsta zai fito da layin rdp-tcp, a gabansa a rubuce Listen. In babu shi, buɗe services.msc ka tayar da Remote Desktop Services. A rajistar Windows, fDenyTSConnections ya zama 0. In ka gyara shi ya sake komawa 1, to Group Policy, dokokin da mai kula ya sa wa kwamfutoci, ce ke mayar da shi, can za a gyara. Dokar katanga kuwa layi ɗaya ne: Enable-NetFirewallRule -DisplayGroup "Remote Desktop". Ka tuna wasu manhajojin riga-kafin bairos suna da tasu katangar daban. Kuma in abin da ake kira saba a ofishin kwamfutar tebur ce mai Windows 10 ko 11 Home, kada ka wahalar da kanka: Home ba ya karɓar shiga daga nesa, sai Pro zuwa sama.

Batun izini ya fi sauƙi. Wanda ba ya cikin Administrators dole a saka shi a rukunin Remote Desktop Users. Asusun da ba shi da kalmar sirri ba ya shiga. In asusun na kan sabar ne ba na domen ba, rubuta shi da ɗigo a gaba, kamar .\akawu. Kalmar sirrin da wa'adinta ya ƙare ma takan hana shiga, kuma sau da yawa ba a samun damar canja ta daga nesa, sai mai kula da sabar ya sabunta.

Duba agogo. A cikin domen, bambancin da ya wuce minti 5 ya isa a ƙi ka. Tsofaffin sabobin da ake sayowa na hannu sukan zo da ɗan batirin CR2032 da ya mutu, duk ɗaukewar wuta sai kwanan wata ya koma baya. Canja batirin, ka rubuta w32tm /resync, sannan ka zaɓi yankin lokaci na Monrovia, Reykjavik. Kada ka zaɓi na Landan, domin Ingila na ƙara awa ɗaya a lokacin zafinsu, Ghana kuwa ba ta canja agogo.

Saƙon kuskuren da ke ambaton CredSSP, tsarin miƙa suna da kalmar sirri ga sabar, ya samo asali ne daga gyaran tsaro da Microsoft ya tilasta a watan Mayu 2018: kwamfutarka ta samu gyaran, sabar ba ta samu ba. Sabar za ka sabunta. Sassauta tsaro a kwamfutarka don a samu wucewa ba gyara ba ne.

Windows Server mutum 2 kaɗai yake bari a lokaci guda, kuma don aikin kulawa aka yi guraben biyu. Wanda ya danna X ya tafi bai fita ba, zamansa na nan ya tare wuri. Da qwinsta za ka ga lambarsa, sai ka rubuta logoff da lambar, bayan ka tabbatar ya adana aikinsa. Ofishin da akawu huɗu ko biyar za su shiga tare yana bukatar a saka Remote Desktop Services da lasisin CAL, wato lasisin masu shiga sabar. Ana ba da wa'adin kwana 120 kafin a bukaci lasisin, shi ya sa za ka ga ofis ya yi wata huɗu lafiya, rana ɗaya kowa ya kasa shiga.

Yanzu shiga daga waje. Kada ka gwada da wayfai ɗin ofis, jona da datar wayarka. Buɗe shafin rauta ka dubi adireshin WAN, wato wanda kamfanin intanet ya ba rautar. In ya fara da 10, ko yana tsakanin 100.64 da 100.127, kamfanin intanet ya haɗa ka da wasu kwastomomi kan adireshi ɗaya, abin da ake kira CGNAT, kuma ya zama ruwan dare a rautocin da ke aiki da sim. A wannan hali ko sau nawa ka tura ƙofa a rauta, kira ba zai iso ba.

Ko da kana da adireshin kanka, kada ka buɗe 3389 ga duniya. Akwai na'urorin da ba su da aiki dare da rana sai laluben wannan ƙofa suna gwada kalmomin sirri. Buɗe Event Viewer, sashen Security, ka nemi lamba 4625, za ka ga jerin yunƙurin da aka yi. Ta wannan ƙofa masu kulle fayil su nemi fansa ke yawan shiga. Mayar da ƙofar zuwa wata lamba rage hayaniya yake yi kawai. Tsofaffin Windows Server 2008 da 2008 R2 da ba a yi musu gyaran ɓarakar tsaro mai suna BlueKeep na Mayu 2019 ba, ana iya shigarsu ba tare da kalmar sirri ba ma. Hanyar da ta dace ita ce VPN, wato ɓoyayyar hanya da ke haɗa ka da layin ofis ta intanet. A cikin manhajojin VPN, WireGuard na bukatar adireshin da ake iya samu daga waje, Tailscale kuwa yana aiki ko a bayan CGNAT. Babban ofis zai iya kafa RD Gateway, wanda ke bi ta ƙofa 443. In VPN ya haɗu amma sabar ta ƙi amsawa, duba ko gida da ofis duka suna kan 192.168.1; mayar da ofis 192.168.50 sai rikicin ya kau.

In an shiga amma allo na daskarewa, rage launi zuwa 16-bit da girman allo a mstsc, sannan a gpedit.msc na kwamfutarka ka kunna Turn Off UDP On Client. Kafin ka canja adireshin sabar ko dokar katanga daga nesa, tabbatar akwai mai makullin ofis a kusa, kuma allo da madannai suna jone da sabar, don kuskuren lamba ɗaya zai yanke ka nan take.