Kurakuran da aka fi yi wajen tsare ƙwayar shan-inna a ɗakin gwaje-gwaje

Kuskuren da ya fi damuna shi ne wanda ake yi da zuciya ɗaya: "Ai mu ba ma aikin shan-inna." Ta yiwu gaskiya ne, bincikenku kan gudawar yara ne ko mura. Amma bayan gidan da aka karɓa daga yaro a lokacin da ƙwayar ke yawo a yankinsu, ko lokacin da ake ɗiga wa yara rigakafi a baki (wanda ke ɗauke da ƙwayar mai rai da aka raunana), yana iya ɗauke da ita ba wanda ya sani. Galibin masu kamuwa ba sa nuna wata alama, kusan ɗaya cikin 200 ne ke shanyewa. Majina da kaki da ruwan kwata ma suna iya ɗauke da ita. Sanyin firiza kuwa ba ya kashe ta, adana ta yake yi shekara da shekaru.

Gyaran yana da gajiyarwa, amma ba makawa. A buɗe kowace firiza, a bi kowane kwali, a rubuta inda aka ɗebo samfurin da shekarar da aka ɗebo shi. Shekarar nan ita ce komai. Ƙwayar nau'i uku ce. A 2015 aka tabbatar an kawar da nau'i na 2 mai yaɗuwa da kansa, sai a watan Afrilun 2016 aka cire raunanannen nau'i na 2 daga rigakafin baki na yau da kullum. Yara da yawa da aka haifa bayan nan hanjinsu bai taɓa haɗuwa da shi ba, don haka kwalba guda da aka ɗebo kafin lokacin tana iya dawo da hannun agogo baya. Nau'i na 3 ma an sanar da kawar da shi a 2019.

Sai kwalaben da rubutunsu ya goge, ko na ɗalibin da ya gama ya tafi. Ana barin su wai ko wata rana za a buƙata. A 2014 an tsinci kwalaben ƙwayar agana a wani ɗakin ajiya a Amurka, an manta da su tun wajen shekarun 1950. Abin da ba a san asalinsa ba a lalata shi, a rubuta cewa an lalata. Wanda ya zama dole a riƙe, a sanar da hukumar ƙasa mai kula da tsaron ƙwayar, ta ce inda za a kai shi.

Wajen tsafta ma ana yaudarar kai. Sinadarin alkohol da ake goge tebur da shi ba ya gamawa da wannan ƙwaya. Ruwan kulorin ne maganinta, kayan aiki da shara kuma a turara su a na'urar tururi mai matsi kafin su fita daga ɗaki.

Akwai kuma masu cewa ma'aikaci ya yi allurar rigakafi, shi ke nan. Allurar na kare shi daga shanyewa, amma ƙwayar na iya zama a hanjinsa ta fita ta bayan gida. A 2017 wani ma'aikacin masana'antar rigakafi a ƙasar Holan ya kamu da nau'i na 2 bayan ruwan ƙwayar ya zube, aka killace shi har ya daina fitar da ita. Duk zubewa, komai ƙanƙantarta, a kai rahotonta nan take, a gwada bayan gidan duk wanda abin ya taɓa.